David Roubik da ƙudan zuman gonakin kofi

Yau zan ba ku labarin David Roubik, masanin ƙwari ɗan Amurka da ya shafe shekaru sama da 40 yana nazarin ƙudan zuma a dazukan Panama.

A da an ɗauka kofi nau'in Arabika ba ruwansa da ƙwari, tunda furensa kan yi barbara da kansa. To, sai Roubik ya lulluɓe wasu rassa da raga, ya bar wasu a buɗe. A 2002 ya nuna cewa ziyarar ƙudan zuma na iya ƙara amfani da fiye da kashi 50 cikin 100.

Kun ga ke nan, manomin da ya kashe su da feshi, girbinsa yake ragewa.

Sai shiri na gaba.