Lokacin Barbarar Karya: Alamominsa da Hanyoyin Hana Cikin da Ba a Shirya Ba

A Sunke da sauran ƙauyukan Anka, Gummi da Bukkuyum, mafarauci da makiyayi da manomi duk sun san amfanin kare. Abin da ba kowa ya laƙanta ba shi ne yadda jikin karya yake aiki. Sai a wayi gari karyar da ake taƙama da ita ta yi nauyi daidai lokacin farautar rani, ko kuwa ta zubo 'yan kwikwiyo shida ko bakwai babu mai ciyar da su.

Karya takan fara neman barbara tana da wata 6 zuwa 12 da haihuwa, sannan abin ya riƙa dawowa kamar sau biyu a shekara. Akwai jinsunan da suka saɓa wa wannan, kamar Basenji na ƙasar Kwango, wanda sau ɗaya yake yi. Alamar farko ita ce kumburin al'aura da ɗigar ruwa mai jini-jini. Za a ga tana yawan fitsari kaɗan-kaɗan, kuma warin fitsarin nan ne yake kiran karnuka daga unguwanni masu nisa. Wannan mataki yakan ɗauki kamar kwana 9, kuma a cikinsa karyar korar maza take yi.

To, a nan ne akasarin masu karnuka suke ruɗewa. Da zarar jinin ya ragu, ruwan ya koma fari-fari, sai a zaci abin ya wuce, a kwance ta. Alhali kuwa yanzu ne ƙwayayenta suke nuna, yanzu ne kuma take tsaya wa namiji tana kawar da wutsiya gefe. Wannan ma yakan kai kwana 9, wani lokaci ya zarce. Bugu da ƙari, maniyyin kare yana iya rayuwa a jikinta har kusan mako guda. Saboda haka tsarewar da za ta yi amfani ita ce ta mako uku zuwa huɗu tun daga ranar da aka ga jini, a ɗaki mai ƙofa. Ɗauri a gindin bishiya ko bayan danga hana ta fita kawai yake yi, ba ya hana maza shigowa.

Idan an riga an makara, aka tarar sun manne, kada a jefe su ko a ja su, kamar yadda yara suka saba. Wani sashe ne na gaban namijin yake kumbura, kuma yakan sace da kansa, galibi cikin minti 5 zuwa 30. Raba su da ƙarfi rauni kawai yake jawowa, ba ya hana ciki. Cikin karya kuwa kwana 63 ne, ko kusa da haka.

Barbarar yawo tana yaɗa wata sankara mai ban mamaki, wadda ƙwayoyinta da kansu suke tsallakawa daga kare zuwa kare. Likitan dabbobi ɗan Rasha, Novinsky, shi ya nuna haka a 1876. Amma babban haɗarin ga mutane shi ne ciwon haukan kare, domin kwikwiyon da aka yasar shi ne gobe karen bola da ba a yi wa rigakafi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutane kusan 59,000 a kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta hanyar cizon kare.

Hanya mai ɗorewa ita ce fiɗa, inda likitan dabbobi yake cire mahaifa da ma'ajiyar ƙwai. Ana yin wannan aiki a wurare irin su Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Namiji kuma a dandaƙe shi. Allurar tazarar haihuwa ta mutane da wasu suke yi wa karya a guje ta, don tana iya sa mahaifa ta cika da mugunya, ciwon da yake kashe karya in ba a yi mata fiɗa da wuri ba.