Galan Kufuor Bayan Ya Daina Riƙe Ruwa

A unguwannin Nima da Maamobi na Accra, inda bango ke jingine da bango, filin shuka ya fi komai wuyar samu. Abin da ba ya wuya shi ne galan mai ruwan ɗorawa, wanda ya samo sunan galan Kufuor a shekarun ƙarancin ruwa na mulkin shugaban ƙasa John Kufuor, 2001 zuwa 2009, alhali asalinsa mazubin man girki ne. Idan ya fara yoyo, aikinsa bai ƙare ba. A yanke kansa, a huda gindinsa, a cika shi da ƙasa da taki, sai ya ɗauki attaruhu ko alayyafo ko ayoyo a bakin ƙofa.

Masu cewa wahalar banza ce, don robar za ta farfashe, suna da rabin gaskiya. Ruwa da ƙasa ba sa cin roba. Rana ce ke cin ta, tana tsinka ƙwayoyinta har ta koɗe, ta yi gautsi. Amma roba suna ta tara. A juya mazubi a duba gindinsa, sau da yawa akwai lamba cikin alama mai kusurwa uku. Mai lamba 2, irin ta galan, tana da kauri, kuma launinta na rage mata dukan rana, don haka takan ga damina da rani fiye da sau ɗaya. Mai lamba 5, irin ta bokitan fenti da dama, ta fi saurin karyewa a rana, tun daga baki da wurin mariƙi. Gorar ruwa mai lamba 1 kuwa haske na ratsa ta, gansakuka ta lulluɓe saiwa. Ta dace da renon iri kawai. Wanda ya ajiye galan inda ranar safe ce kaɗai ke samunsa, ya daina jan sa cike da jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya tsawaita kwanansa ba tare da kashe ko sidi ɗaya ba.

Batun guba ya fi nauyi. Mazubin da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko baƙin mai ba ya shiga harkar abinci, ko an wanke shi sau nawa. Sauro kuwa ruwan da ya kwanta yake bi, maganinsa huda mai kyau.

Inda ake yin sakaci shi ne ƙarshen robar. Babbar kwatar Nima a kogin Odaw take zubewa, kuma toshewar magudanai da shara irin roba na cikin abin da ya tsananta ambaliyar 3 ga Yuni, 2015, daren da ruwa da gobara suka halaka mutane fiye da 150 a Accra. Da zarar ka shafa galan ya bar maka gari a hannu, ka juye ƙasar cikin wani, ka miƙa shi ga masu tattara roba tun bai zama ɓarɓashi ba.