Renon kamfanoni: tsakanin Yamai da Atantane

A shekara ta 2014 ne aka buɗe CIPMEN a birnin Yamai, cibiya mai renon ƙananan kamfanoni, wadda ke ba matasa mazauni, horo da hanyar saduwa da masu jari. Tun kafin nan, Abdu Maman Kane ya nuna amfanin wannan fanni ga manomi da na'urarsa ta ban ruwan garka ta wayar salula.

To amma Atantane, a yankin Mayahi, nesa take da Yamai. Can, da an kammala girbin hatsi da wake, samari sai cin rani. In jami'ar Maradi ba ta kusanto da wannan reno zuwa karkara ba, basirar ƙauye birni za ta ci gaba da ciyarwa.