Barbarar Uwar Zuma da Lafiyar Amya

Mai rataya amya a kan bishiya a Maiyama ko Jega yakan ce akwai sarkin zuma a ciki. Hakika wannan sarki mace ce, kuma ita ce uwar dukan ƙudajen da ke cikin amyar. Kimanin mako guda bayan fitowarta daga saƙa takan tashi sama, ta sadu da maza goma zuwa ashirin, kowane kuwa yakan mutu da ya gama. Irin da ta tara a 'yan kwanakin nan, wajen miliyan 5, shi za ta yi ta amfani da shi har ƙarshen ranta, domin ba ta sake barbara.

To, mene ne amfanin yawan mazan? Ma'aikatan amya 'yan uwa ɗaya ne, amma ubanninsu daban daban, saboda haka halinsu ya bambanta. Idan zafin Afrilu ya tsananta, wani ɗaki yakan fara fifita da fukafukai tun da wuri, wani sai zafin ya ƙaru, ta haka 'ya'yan da ke cikin saƙa ke zama a kan awo 35 da suke bukata. Haka kuma cutar da ta ka da ɗaki guda ba lalle ta ka da sauran ba. A 2007 Heather Mattila da Thomas Seeley na Jami'ar Cornell a Amurka sun gwada uwa mai miji ɗaya da mai maza 15, suka tarar da jama'ar ta biyun sun fi saurin gina saƙa da tara abinci.

Ga inda zancen ya shafe mu. Albasar Aliero ba ta ba da iri mai kyau sai ƙwari sun ziyarci furenta, ƙudan zuma kuwa na gaba gaba cikinsu. Amma manomin da ya fesa maganin ƙwari da rana tsaka, fure na buɗe, yana aika guba cikin amya. Binciken da aka buga a 2016 daga ƙasar Suwizalan ya nuna cewa wasu magungunan kan rage rayayyen irin mazan zuma da kashi 39 cikin ɗari, alhali mazan na nan da ransu. Uwar da ta sadu da irin waɗannan takan gaza da wuri, amya ta yi rauni, mai ita ya ɗora laifin a kan fari. A ganina malaman gona su fara da lokacin feshi: a bari sai almuru, sa'ad da ƙudan ya koma gida.