Digiri a Sakkwato, Firgici a Bagudo

Tun daga daren Juma'ar nan ta ƙarshen Oktoba 2025, da 'yan bindiga suka shiga garin Bagudo suka ɗauke mataimakin shugaban Majalisar Dokokin Jihar Kebbi, Muhammad Sama'ila Bagudo, har zuwa asubahin 17 ga Nuwamba da aka dira makarantar 'yan mata ta Maga, aka kashe mataimakin shugabanta, aka yi awon gaba da ɗalibai 25, ba a rasa masu magana a kan sojoji da makamai da kuɗin fansa ba. Amma da Allah ya ƙaddara aka sako waɗanda aka kama, aka yi hamdala, aka ɗauki hotuna, sai zance ya mutu, sai ka ce wanda ya kuɓuta daga hannun azzalumai ya kuɓuta ke nan daga abin da suka bar masa a zuciya. Wannan shirun shi ya tsaya mini a rai, domin ya zo a zamanin da jami'o'in Sakkwato da Zariya da Kano ke yaye masu digiri na biyu da na digirgir a fannin nasiha da ilimin halayyar ɗan Adam, da yawan da iyayenmu ba su taɓa mafarki ba. Masu takardar shaida sun yawaita, masu sauraron bayin Allah ba su ƙaru ba, kuma a ganina illar tana cikin ginin karatun kansa, wanda aka yi shi domin hawa matakin aiki, aka bar jinyar zukata a baya.

Ba sai an tsawaita wa mai karatu bayanin nauyin da ke kan mutanen wannan yanki ba. Wanda ya haye kogin Kwara ta gadar Tuga ya nufi Ka'oje ko Illo ko Tsamiya ko Lolo ya san cewa arzikin jama'a a rataye yake da iyakar Benin, kuma rufe ta da aka yi a watan Agusta 2019 ya karya jarin ƙananan 'yan kasuwa da direbobi da 'yan dako masu yawa. A hayin can, lardin Alibori ya zama fagen fama, har hukumar Benin da bakinta ta yarda cewa an kashe mata sojoji 54 a watan Afrilu 2025. A hayin nan kuwa sunan mayaƙan Lakurawa ya shiga bakin yara. Ga kuma ƙwaya, musamman tiramol, wadda saurayi ke haɗiya domin ya wuni a fadamar shinkafa ko bisa babur bai ji gajiya ba, alhali binciken da aka yi a 2018 tare da Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta masu ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Nijeriya sun kai miliyan 14.3. Ƙasar da ke ɗauke da waɗannan duka, likitocin ƙwaƙwalwarta ba su cika 300 ba.

Asalin matsalar yana wurin haihuwar fannin. A 1959 wasu mata 'yan mishan a wata makarantar 'yan mata ta Ibadan suka gayyato ma'aikata su yi wa ɗalibai masu fita bayanin sana'o'i, daga nan al'amarin ya bunƙasa, aka kafa ƙungiyar masu nasiha a 1976, manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 kuma ta ambaci buƙatar a sa su a makarantun sakandare. Ke nan tun fil azal aikin shi ne a taimaki yaro ya zaɓi tsakanin kimiyya da kasuwanci, saboda haka aka ajiye fannin a tsangayar ilimi, a can ya yi girma, a can yake har yau. Ilimin halayya tsantsa kuwa, wanda Nsukka ta buɗe masa sashe a 1964, da reshensa na asibiti mai horar da mutum a gaban majinyata, galibinsa ya zauna a Kudu da Jos. Ɗan Kebbi da ya so wannan karatu, ƙofar da ta fi kusa da shi ita ce ta tsangayar ilimi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko ya zarce Bayero ko Ahmadu Bello; jami'ar jiha da ke Aliero ta 2006 da ta tarayya da ke Birnin Kebbi ta 2013 ba su isa su sauya wannan taswira ba tukuna.

Sai mu duba su wane ne ke cika azuzuwan, da abin da ya kai su. Mafi yawansu malamai ne na kwalejojin ilimi irin ta Adamu Augie da ke Argungu, da jami'an ma'aikatar ilimi, da shugabannin makarantu, mutanen kirki masu iyali, waɗanda ƙa'idar aiki ta gaya musu ƙarara cewa ba za su wuce wani mataki ba sai da digiri na biyu, malamin jami'a kuwa sai da na digirgir. Asusun TETFund, wanda shi ne babbar rijiyar da ake ɗiban kuɗin ƙaro ilimi, malaman manyan makarantun gwamnati yake ɗauka wa nauyi, da sharaɗin su komo su koyar a inda suka fito. Natijar wannan tsari a bayyane take ga mai hankali: ana kashe dukiya a horar da wanda zai koyar da wanda zai koyar, silsila mai tsawo wadda ba ta ƙarewa a gaban majinyaci ko ɗaya. Ba na zargin mutumin da ya nemi ƙarin girma, domin neman halali ibada ne. Abin zargi shi ne tsarin da bai tanadi gurbin albashi ga mai nasiha a asibitin karkara ko sakatariyar ƙaramar hukuma ba, ta yadda ko da mutum ya so ya koma Bagudo ya yi aikin da ya karanta, babu kujerar da ke jiransa.

Abin da ake yi a cikin shekarun karatun ya fi wannan ban takaici. Bayan darussan aji, ƙarfin ɗalibi da kuɗinsa da darensa duk suna tafiya ga kundin bincike, kundin kuwa kusan ƙirarsa ɗaya ce ko'ina: a tsara takardar tambayoyi da Turanci, kowace tambaya da gidaje huɗu, daga "na yarda ƙwarai" zuwa "ban yarda ba sam", a raba wa ɗaliban sakandare ɗari uku ko huɗu a cikin birni inda mota ke zuwa, a kai wa mai kwamfuta ya fitar da alƙaluma, a ɗaure da baƙin bango a rubuta suna da ruwan zinariya. Ranar kare kundi za a yi sa'o'i ana jayayya a kan girman samfuri da tsarin ambaton marubuta, ba safai kuwa ake samun mai tambayar ɗalibin mutum nawa ya taɓa zama da su cikin baƙin ciki, ko me ya yi da wani ya ce masa ya gaji da duniya ba. Akwai darasin gwaji a aikace, gaskiya ne, amma 'yan makonni ne a wata makaranta, sau da yawa mai duba ɗalibi ya leƙo sau ɗaya ya sa hannu. A bakin Kwara ba wanda zai damƙa wa mutum kwalekwale cike da mata da yara don ya rubuta littafi a kan tuƙi. Mu kuwa mun yarda mu kira mutum gwanin zukata bisa shaidar kundi.

Abin mamaki, magabatanmu sun riga mu gane wannan. A zauren malam, ɗalibi yakan lizimci shehinsa shekaru, yana ganin yadda yake karɓar matar da aka saka da magidancin da bashi ya hana barci, yana jin inda yake tsanantawa da inda yake sassautawa, ba a ba shi ijaza sai an ga hankalinsa da amanarsa tare da haddarsa. Bagudo a ƙasar Gwandu take, kuma Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa littafi a kan maslahohin ɗan Adam da suka shafi addini da jiki, kamar yadda Abu Zaidi al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rarrabe baƙin cikin da ke da sababi sananne da wanda ke faɗo wa mutum ba dalili, ya kuma faɗi yadda ake magance kowanne. Ba ina cewa a ajiye ilimin zamani a koma zaure ba ne. Ina cewa sharaɗin mulazama, wato zama a gaban gwani ana aiki ana gyara maka, shi ne kuma sharaɗin da ƙasashen da fannin ya ƙarfafa suka riƙe, inda ba a ba mutum lasisi sai ya cika ɗaruruwan sa'o'i da masu neman taimako a ƙarƙashin mai sa ido. Mun ɗauko littattafansu mun bar wannan sharaɗi, mun kuma saki namu.

Masu kare jami'o'i za su ce kuɗi ne babu, cewa malami ɗaya na duba kundi ashirin, cewa ba mai tura ɗalibinsa bakin iyaka a wannan marra ta garkuwa da mutane, cewa kuma talakan Illo ko an kai masa mai digiri wurin malamin ruƙiyya zai tafi. Akwai ƙamshin gaskiya a cikin duk wannan, musamman batun tsaro. Sai dai kafin a san sunan Lakurawa ma ba a tura kowa ba, kuma hujjar cewa jama'a ba sa so hujja ce da ba a jarraba ba, tun da ba a taɓa ajiye musu wanda ke jin Hausa da Fulatanci ko Dandanci ko Busanci, wanda ya san kunyar surukai da nauyin kishiya, suka ƙi shi ba.

Sakamakon yana nan a gabanmu. Inda aka yi dace makaranta ta sami mai nasiha, ƙarancin malamai kan sa a miƙa masa alli ya koyar da wani darasi, ɗakin da aka rubuta wa sunansa kuma ya koma ma'ajin karyayyun kujeru. A gida kuwa, matar da ta daina barci tun daren da aka yi harbi a unguwarsu, wadda ke zabura in an buga ƙofa, tana cewa ƙirjinta na zafi kanta na juyawa, za a fara kai ta kemis, sannan malam, sannan mai magani, ana sayar da akuya bayan akuya. In abin ya ta'azzara har ta fara sambatu, sai a yi shawarar doguwar tafiya zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, bayan Sakkwato, tafiyar da ke cin wuni da kuɗin buhunan shinkafa. Saurayin da ƙwaya ta ci kuwa, mari ne makomarsa, kuma abin da 'yan sanda suka tarar a gidajen mari na Rigasa da Daura a 2019 ya isa ya nuna irin abin da ke faruwa a bayan waɗannan ƙofofi in iyaye sun rasa mafita. 'Yan matan Birnin Yawuri da aka sace a watan Yuni 2021, waɗanda na ƙarshensu ba su dawo ba sai 2023, wasu da goyo, jinyarsu aikin shekaru ce a hannun ƙwararre, ba ta mako guda ba. Hatta abin kunyar Kwatano, inda ɗan jarida Umar Audu ya sayo digiri cikin makonni shida a 2023, har gwamnati ta ce takardun bogi daga Benin da Togo sun haura 22,000, reshe ne na wannan cuta ɗaya, domin kasuwar da takarda kaɗai take tambaya ba ta rasa mai sayar mata da ita.

Doka dai ta samu: a 2022 aka sa hannu a kan dokar majalisar da za ta riƙa yi wa masu nasiha rajista, a Janairu 2023 kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Misalai ma ba su yi mana nisa ba. Dokta Adeoye Lambo tun 1954 ya zaunar da majinyata tare da danginsu a ƙauyukan Aro, yana aiki da masu maganin gargajiya. Farfesa Oye Gureje da abokansa sun nuna a 2020, a Ibadan da Kumasi, cewa in ma'aikacin asibitin karkara ya haɗa hannu da malamai da masu magani, majinyata sun fi samun sauƙi. A cikin Benin ɗin nan, Gregoire Ahongbonon, wanda asalinsa mai facin taya ne, ya kafa cibiyoyi har da ta Jugu, inda waɗanda suka warke ke zama masu jinyar sababbi. A kowane ɗaya daga cikinsu aikin mai babban ilimi shi ne ya horar da na ƙasa da shi, ya zagaya ya duba su, ya karɓi abin da ya fi ƙarfinsu. Mai digiri na biyu guda, in an horar da shi a gaban mutane aka ba shi albashi da babur, zai iya riƙe ma'aikatan lafiya da malaman makaranta da limaman gundumar Ka'oje ko Illo ta wannan hanya. Wannan kuwa yana buƙatar majalisar rajista ta ƙi ba da lasisi sai da sa'o'in aiki ƙididdigaggu, jami'o'i su rage nauyin kundi su ƙara na gwaji, gwamnatin jiha kuma ta buɗe gurbin a tsarin ma'aikatanta. Gwamna Nasir Idris, wanda ya shugabanci ƙungiyar malamai ta ƙasa kafin ya hau mulki a 2023, ya fi kowa sanin yadda ake rubuta gurbi a takardar albashi, da yadda ake barin sa babu kowa.