"Babu netwok": abin da ke faruwa a ɗakin wayoyin ma'aikatun gwamnati

Duk wanda ya taɓa bin layi a wani ofishi a Kaduna ya san jimlar nan: "A yi haƙuri, babu netwok." Da an faɗe ta sai a ɗora laifin kan kamfanonin sadarwa. Sau da yawa kuwa matsalar tana cikin ginin, a wani ɗan ɗaki da aka jibge na'urorin da ke haɗa kwamfutocin ma'aikatar. Yanzu da neman takardar fili a hukumar KADGIS ya koma kan kwamfuta, JAMB kuma ta daina jarrabawar takarda tun 2015, abin da ke cikin wannan ɗaki ya shafi kowa.

A ofis, kowace kwamfuta tana da waya da ta shiga wata na'ura da ake kira suwic, suwic-suwic kuma suna haɗe da juna. Ƙwararren injiniya ba ya yarda da waya guda tsakanin suwic biyu, don idan ta tsinke aiki ya tsaya. Mutanen Kaduna sun san hikimar haka: idan aka samu cunkoso a tsohuwar gadar Kogin Kaduna, mai zuwa Barnawa daga cikin gari zai iya bi ta gadar Kabala Costain.

Sai dai gada biyu da'ira ce. Direban da ya ɓata hanya zai gaji ko mansa ya ƙare, amma saƙon da ke yawo tsakanin suwic ba shi da wa'adin mutuwa. Idan kwamfuta ta aika sanarwa ga kowa, kowane suwic zai kwafe ta ya tura ta duk ƙofofinsa, ta zagayo ta dawo, a sake kwafe ta. Cikin 'yan daƙiƙu wayoyin sun cika maƙil da kwafin saƙo guda. Ma'aikacin da ya ga waya tana reto ya soke ta a ramin da ba nata ba, da kyakkyawar niyya, zai iya jawo wannan.

Maganin ya fito ne daga wata injiniya Ba'amurkiya, Radia Perlman, a 1985, lokacin tana aiki da kamfanin Digital Equipment Corporation. Tsarinta, Spanning Tree Protocol ko STP, ya zama ƙa'idar duniya a 1990. Na'urorin suna aika wa juna ɗan saƙo duk bayan daƙiƙa 2, su zaɓi shugaba guda, kowanne ya nemi hanya mafi sauƙi zuwa gare shi, sauran hanyoyin a rufe su a ajiye. Idan babbar hanya ta yanke, sai a buɗe ta ajiya. Tsohon tsarin yana ɗaukar daƙiƙa 30 zuwa 50 kafin ya farfaɗo. Wanda aka sabunta a 2001 yana yi cikin daƙiƙu kaɗan.

Zaɓen shugaban nan zai ba masu bin siyasa dariya. Mai ƙaramar lamba ne ke ci, kuma galibin na'urori suna fitowa daga masana'anta da lamba iri ɗaya, 32768. Idan injiniya bai sauya ta ba, sai a raba gardama da lambar shaidar na'ura, abin da kan sa wani tsohon suwic da aka manta a ƙarƙashin tebur ya ɗare kujerar, duk zirga-zirgar ma'aikata ta koma bi ta kansa.

A watan Nuwamban 2002, asibitin Beth Israel Deaconess da ke Boston ya shafe kusan kwana 4 likitoci suna rubuta magani da sakamakon gwaji a takarda. An yi ta ƙara suwic kan suwic har tsarin ya zarce matakai 7 da aka tsara STP a kansu. Asibitin koyarwa ne na jami'ar Harvard, ba kuɗi ya rasa ba.

VLAN kuwa katanga ce. Ƙa'idar da aka fitar a 1998 tana ba da damar yanka netwok guda zuwa sassa har 4,094, kowane saƙo ɗauke da lambar sashensa. A asibiti mai girman Barau Dikko, ana iya ware bayanan marasa lafiya daban, sashen kuɗi daban, intanet ɗin baƙi daban. Ba a tsallakawa daga sashe zuwa sashe sai ta na'urar rawuta, a nan ne ake kafa dokar wa zai wuce. Inda babu wannan katanga, wayar mai jinya da ta hau Wi-Fi tana zaure ɗaya da kwamfutar da ke riƙe da sirrin mutane, alhali dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa masu riƙe da bayanai nauyin tsare su.

A ganina, a nan ne masu bibiyar kasafin kuɗi suke sakaci. Muna ƙirga kwamfutoci da suwic nawa aka saya, domin su ake iya ɗauka a hoto ranar ƙaddamarwa. Saita STP da VLAN ba ya fitowa a hoto, kuma kusan duk suwic na ma'aikata yana zuwa da su ba tare da ƙarin kuɗi ba. Abin da ake biya shi ne lokacin ƙwararre. Jihar Kaduna tana da hukumar kula da kwangiloli, KADPPA. Mai duba kwangilar kayan sadarwa yana iya tambaya ko ɗan kwangila ya miƙa taswirar netwok ɗin, ko an zare babbar waya an gwada ta ajiya kafin a biya shi, da kuma sunan ma'aikacin da aka horar ya riƙe ɗakin bayan ya tafi.