Me ake nunawa a Gidan Arewa?

Gidan Arewa da ke Kaduna cibiya ce ta bincike da adana tarihi a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. An kafa shi a 1970, kuma yana cikin harabar gidan Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, inda aka kashe shi ranar 15 ga Janairun 1966. Farfesa Abdullahi Smith ne daraktan cibiyar na farko.

A ɗakunan baje koli, baƙo zai ga hotunan Sardauna da kayan da ya yi amfani da su, da kayan al'adu na jihohin Arewa. A sashen adana takardu kuwa akwai fayilolin gwamnati, da tsofaffin jaridu, da rubuce-rubucen hannu na Larabci da Ajami.

Tsohuwar takarda ba ta jure haske mai yawa, da laima, da gara, da yawan taɓawa. Shi ya sa akan sa abin da za a nuna cikin akwatin gilashi, sauran kuma a ɗauki hotonsu a adana a kwamfuta domin masu bincike.

Ya dace makarantu su riƙa kai ɗalibai, domin yaron da ya ga rubutun kakanninsa da idonsa ba zai yarda a ce masa ba shi da tarihi ba.